Yanda ake rawar rumba, daga bakin ɗan Agege da ya koya da girmansa

Farko dai bari in cire ruɗani, rumba nace ba rumfa ba, don ranar da na faɗa ma wani abokina a Mile 12 cewa na samu rumba ina zuwa duk Asabar sai cewa yayi "kai masha Allah, a wane layi take, nawa ka biya?" shi a zatonsa rumfar tumatir na kama. Kuma ba zumba bace wadda ake tsalle-tsalle a gidan motsa jiki. Rumba rawa ce ta mutum biyu, namiji da mace, a tsanake ake yinta, ita ce mafi sanyin tafiya a cikin raye-rayen Latin guda 5 da ake gasa dasu a duniya, sauran su ne samba, jaib, faso dobile da ca-ca-ca, wadda ita ma ba cacar kuɗi bace kar a min fassara.

Ni ba don ina da wata sha'awar rawa na shiga ba, ko a bikin aurena abokai ne suka yi ta jan hannuna da ƙyar na ɗan girgiza kafaɗa mai kalangu yana min dariya. Likita ne yace in rage tumbi in riƙa tafiyar ƙafa, to kai ka san Agege, ina zaka yi tafiyar ƙafa, ka sauka titi keke ya taho ta nan danfo ta can ga kwata a buɗe ga masu talla sun cinye gefen hanya. Maman Ummi ce ta ga abun a YouTube tace "Abban Ummi wannan ai a falo ma zamu iya, ba sai kaje kana haki a Pen Cinema ba". Kamar wasa muka samu wani dattijo Bayarabe a Surulere, Baba muke ce masa, da yake koyarwa a wani ɗan hol, shekara biyu kenan yanzu. Kuma bari in faɗa tun yanzu kar wani ya taso min da wa'azi, rawa ce ta riƙe hannu da haɗa ido, ni da matata nake yi, ko a ajin da ake canja abokin rawa tun ranar farko na faɗa ma Baba mu bama canjawa, yace babu damuwa Alhaji. Wanda bai yi aure ba ya koyi takun shi kaɗai, dama rabin aikin kai kaɗai ake yinsa, in lokaci yayi sai ya koya ma amarya.

Kafin ka buɗe waya ka rikice, ka sani abubuwa da yawa ne ke amsa sunan rumba, kuma sati na na farko bidiyon da ba shi ba nayi ta kallo. Akwai ta asali ta ƙasar Kyuba, ta unguwannin talakawa a Havana da Matanzas, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka fito da ita wajen ƙarshen ƙarni na 19, kaga a Kyuba sai 1886 aka soke bauta. Leburorin tashar jirgin ruwa ne, kamar dai kace 'yan dakon Apapa, in ba ganga sai su juya akwatin katako na kaya suyi ta duka. Wannan kiɗan ganga ne zalla da waƙa da amshi, tana da kala uku, yambu ta a hankali, gwagwanko ta namiji da mace, da kolumbiya wadda namiji ke fitowa shi kaɗai yana nuna bajinta, UNESCO ma ta sata cikin al'adun duniya a 2016. In kaga ana cashewa da sauri ba mai riƙe kowa to ita ce, tana da kyau amma ba ita muke koyo ba. Abun da ya bani mamaki, cikin mutanen da aka kai Kyuba akwai Yarabawa da yawa, can ana ce musu Lukumi, har gangar bata suna da ita har yau, kuma wasu sun dawo nan Ikko suka zauna wajen Campos a Lagos Island tare da waɗanda suka dawo daga Barazil. Shi yasa Baba in yana jin nishaɗi yake cewa kayanmu ne ya tafi ci-rani ya dawo da kwat.

Sai ta Kongo, wadda mu a nan muke haɗa komai muce makosa tun zamanin da Awilo ya cika bukukuwa, duk da asalin makosa ta Kamaru ce. Ita rumbar Kongon faifan kiɗan Kyuba ne suka shiga Kinshasa da Barazabil mutanen can suka ji kamar nasu suka ɗora jita a kai, su Franco da Tabu Ley da Papa Wemba, ita ma UNESCO ta amsheta a 2021. Daɗin ji gareta sosai amma takunta daban.

Tamu ta falon rawa daga wani kiɗan Kyuba ta fito mai suna son, da kuma bolero. A 1930 ƙungiyar Don Azpiazu ta ɗauki wata waƙa a Niyok, El Manisero, ma'ana mai gyaɗa, wallahi waƙar tallan gyaɗa ce kamar yanda yarinya zata wuce tana a sayi gyaɗa, waƙar tayi tashe sosai, a jikin faifan aka rubuta rumba sai sunan ya manne ma duk wani kiɗa da ya fito daga Kyuba. Daga baya wani Bafaranshe mai koyar da rawa a Landan da ake kira Monsieur Pierre, shi da abokiyar rawarsa Doris Lavelle, yaje Havana a 1947 ya ga yanda mutanen ke takawa da gaske, ya dawo suka tsara ta, a 1955 aka amince da tsarin a Ingila. Ita ce ake ce ma intanashinal, ita ake takawa a babbar gasar rawa ta garin Blackpool a Ingila, ita zan koya maka. Akwai kuma ta Amurka, zan taɓa ta a ƙasa.

Toh yanzu aiki. Kunne ne farko, ƙafa ta jira.

Kiɗan rumba bugu huɗu-huɗu yake tafiya, ɗaya biyu uku huɗu, ɗaya biyu uku huɗu, a minti ɗaya zaka samu wajen bugu 100 zuwa 108, wato zagaye 25 zuwa 27. Ka samu kwana uku baka taka komai ba, kawai ka sa kiɗa kana ƙirgawa, a gosulo ne ma yafi daɗi, ka tashi daga Oshodi kafin ka kai Iyana Ipaja ai ka ƙirga waƙa goma. Aikinka shine ka gane ina ɗaya take. Yawanci nan mawaƙi ke ɗauko sabon baiti, nan kiɗan ke sauka da nauyi. In waƙar irin ta Kyuba ce zaka ji wasu 'yan sanduna biyu ana ƙwanƙwasawa, kilabe ake ce musu, duka biyar suke yi, uku sannan biyu, ƙwas ƙwas ƙwas, ɗan shiru, ƙwas ƙwas, ko kuma a juya biyu sannan uku. Waƙoƙin soyayya na zamani da ake sawa a aji da yawa babu kilaben, ba komai, muddin bugu huɗu ne kuma a hankali zata yi. Ni har waƙoƙinmu na Hausa masu sanyi na gwada wasu sun hau wasu sunƙi, in ka ƙirga huɗu kaji ƙafarka na harɗewa to ka canja waƙa ba kai ne da laifi ba.

Ga inda rigimar take. Bugu huɗu ne amma taku uku ne, kuma ba a kan ɗaya ake fara takawa ba, a kan biyu ne. Taku a biyu, taku a uku, taku a huɗu, ɗaya kuma ba a ɗaga ƙafa sam, jira ake jiki ya ƙarasa zama a kan ƙafar da ta taka huɗu. Shi yasa zaka ji malamai suna ƙirgawa biyu, uku, huɗu-ɗaya, suna jan huɗun. Dalili kuwa a kiɗan yake, mai gangar konga a kan biyu yake marin fata, a kan huɗu kuma yake sakin amo mai zurfi, masu rawar Kyuba shi suke bi, abun da Pierre ya gano kenan da yaje.

Wannan ɗayar da ba a takawa ita ta cinye min wata biyu. Kaga mu Legas ta riga ta lalata mu da sauri, danfo bata gama tsayawa ba ka ɗane, fitila bata gama zama kore ba na baya ya danna maka hon, ko sallah in liman ya ɗan ja sura zakaji mutane na gyaran murya. To jikin da ya saba da haka kace masa ya tsaya cak na bugu guda alhali kiɗa na tafiya, ba zai yarda ba, ƙafa da kanta take zabura. Baba yayi ta min tsawa, "Alhaji ina zaka, waye ya biyo ka?" Abun da ya taimake ni shine na daina ɗaukar ɗayar a matsayin tsayuwa, na maida ta wajen sauke numfashi, in na taka huɗu sai in saki iska a hankali ta hanci har ɗaya ta wuce, numfashin na fita ƙugu na zama. Ka gwada, da baki zaka ce huɗuuu-ɗaya kana jan ta kamar mai kiran yaro daga nesa.

Yanzu maganar ƙugu, don nasan ita ce tasa wasu suka buɗe rubutun nan wasu kuma ita ke basu kunya. Kar ka karkaɗa komai. Duk wanda ka gani yana murguɗa kwankwaso da gangan to bai iya ba, kuma shi ne abun ke ma muni. Motsin daga gwiwa da nauyin jiki yake zuwa. Ka tuna yanda kake tsayawa a layin banki in ka gaji, ka jingina nauyinka duka a ƙafa ɗaya ta miƙe, ɗayar gwiwar ta ɗan lanƙwashe, ai zakaga ƙugun ɓangaren da ka jingina ya fita da kansa ba tare da ka tura shi ba. Shikenan sirrin. Ka tsaya gaban madubi, diddige kusa da juna yatsu sun ɗan buɗe waje kaɗan, ka zuba nauyi a dama gwiwar dama a miƙe ta hagu a sake, ka ƙirga biyu, sannan ka maida hagu. Kayi ta yi minti biyar kullum. Sama kuma, kafaɗa da kai, basa bin ƙugu. In kana son misali ka tsaya bakin titi da safe ka kalli masu tallan biredin Agege da faranti a ka, ƙasa na tafiya sama ko gezau, biredi ko ɗaya baya faɗuwa. Maman Ummi da ta taso tana ɗaukar bokitin ruwa a ka rana ɗaya ta kama wannan, ni kuwa kafaɗata sai da tayi sati uku tana hawa da sauka kamar sikelin mai nama.

Ƙafa kuma bata barin ƙasa. Ba a fara sauke diddige kamar tafiyar yau da kullum, gaban tafin ƙafa ne ke fara shafar ƙasa yana jan ta, sai ya isa inda zashi sannan diddige ya sauka gwiwa ta miƙe nauyi ya hau. Kamar kana laluben silifas ɗinka a duhu bayan an ɗauke wuta, haka ƙafar ke tafiya.

Toh ga takun tushe, na namiji zan fara faɗa. Ka tsaya nauyinka a ƙafar dama, hagu a sake. Ka bari ɗaya ta wuce. A biyu ka kai hagu gaba, ƙaramin taku, kar ka jefa jikinka duka don yanzu zaka dawo, ƙafar dama tana nan inda take diddigenta ne kawai zai ɗan ɗaga. A uku ka maida nauyi baya kan dama, ba sabon taku bane komawa ce kawai. A huɗu ka kai hagu gefe, gefen hagu, a ɗaya ka zauna a kanta. Rabi kenan. Sai a biyu ta gaba ka kai dama baya, a uku ka maida nauyi gaba kan hagu, a huɗu ka kai dama gefen dama, ɗaya ka zauna. Ka dawo inda ka fara. Gaba, koma, gefe. Baya, koma, gefe. Ke kuma uwargida naki kishiyar nasa ne, kin fara nauyi a hagu, lokacin da ya kawo hagunsa gaba ke damarki zaki kai baya, ki dawo kan hagu, ki kai dama gefe, sannan hagu gaba, ki koma kan dama, hagu gefe.

Kuskuren da kowa ke yi, har ni, shine taka ƙafa ba tare da an bata nauyi ba, sai ka taɓa ƙasa kawai nauyin yana kan tsohuwar ƙafa, bugu na gaba sai ka rasa wacce zaka ɗaga, ka sake ɗaga wadda ka taka yanzu. Dokar mai sauƙi ce, hagu dama hagu, dama hagu dama, ƙafa ɗaya bata takawa sau biyu a jere. In kana shakka ka ɗaga ɗayar ƙafar sama kaɗan bayan kowane taku, in ta ɗagu ba tare da ka yi tangal-tangal ba to nauyin ya koma daidai. Na biyu shine faɗin taku, maza musamman sai su buɗe ƙafa kamar masu tsallake kwata. Tayil ɗaya na falonka ya isa, in ɗakinka irin namu ne na gidan haya ma dama kujera zata hana ka wuce haka. Na uku kallon ƙasa. Ƙafarka ba zata gudu ba, ka ɗaga kai.

Sai kowa ya iya nasa shi kaɗai har yana iya hira yana takawa sannan ku haɗu, in ba haka ba faɗa zakuyi, mu munyi, ranar har tuwo sai da aka kawo min ba magana. Kuna fuskantar juna da ɗan tazara kamar taƙi guda, ba a mannewa. Hannun hagunsa ya riƙe na damanta a ɗage daidai wajen idon wanda yafi gajarta a cikinku, hannun damansa a kan allon kafaɗarta na hagu, ba a ƙugu ba, ita kuma ta ɗora hannun hagunta a kan damtsensa kusa da kafaɗa. Gwiwar hannu kar ta zube, kuma kar ta sandare. Baba yana cewa hannu ya zama kamar igiyar shanya da aka ɗaure daidai, in tayi sako-sako kaya su taɓa ƙasa in ta cika tauri ta tsinke. Ta wannan riƙon ne take jin inda zaka, don kai ke ja gaba ita ke bi, amma fa jan ba da ƙarfin hannu bane, jikinka ne zai fara tafiya hannun ya isar da saƙo. In ka tura ta kamar kana tura baro a Alaba Rago to zata faɗa maka magana kuma tana da gaskiya. Ke kuma kar ki riga shi, ko kin san abun da zai biyo baya ki jira ya nuna, wannan ita ce wahalar Maman Ummi don ta fini saurin haddacewa, sai in ga ta juya tun ban ɗaga hannu ba, in ce "Maman Ummi waye direba a motar nan?" tace "to direban ne ke bacci a kan sitiyari".

In tushe ya zauna sai ƙari. Wanda nafi so sunansa kukaraca, da Sifaniyanci kyankyaso kenan, kuma duk wanda ya zauna gidan haya a Legas baya buƙatar dogon bayani. A biyu ka kai ƙafa gefe ka danna gabanta a ƙasa kamar ka samu wani ƙato yana fitowa daga bayan kabad ka murƙushe shi, nauyi rabi kawai zaka bata, a uku ka koma kan ɗayar, a huɗu-ɗaya ka jawo ƙafar ka haɗe su ka zauna a kanta. Sai ɗaya ɓangaren. A wuri ɗaya ake yinta, kuma ita ce maganin ranar da kai ya ɗauke ka manta komai, kayi ta kashe kyankyasai hagu da dama har tunani ya dawo ba wanda zai gane.

Sai wanda ake kira Niyok. Kun saki riƙon kafaɗa, hannun hagunsa da na damanta kawai. A biyu namiji ya juya kwata zuwa damansa ya kai hagu gaba, ita ta juya zuwa hagunta ta kai dama gaba, kun zama kafaɗa da kafaɗa kuna kallon waje ɗaya hannuwan da kuka riƙe suna gaba, ɗayan hannun kowa ya buɗe shi gefe. A uku ku koma, a huɗu-ɗaya ku juyo ku fuskanci juna ku taka gefe, ku canja hannu kuyi ɗaya ɓangaren. Sau uku ana yi yawanci sai a rufe da juyi.

Juyin ƙarƙashin hannu kuwa shi ne wanda yara ke tafa mana. Namiji yayi rabin farko na tushe, gaba koma gefe, yana taka huɗun nan sai ya ɗaga hannun hagunsa sama da kanta kaɗan, alamar kenan. Shi zai cigaba da rabinsa na baya kamar kullum, ita kuma a biyu ta kai hagu gaba ta ƙarƙashin hannun tana karkata dama, ta juya a kan gaban ƙafar ta sauke nauyi a dama a uku, ta ƙarasa juyowa ta fuskance shi ta taka hagu gefe a huɗu. Malam kar ka juya ta da hannu kamar kana tuƙa tuwo, ka ɗaga kawai ka sassauta yatsu hannunta ya juya a cikin naka, kuma ka lura da ɗaurin ɗankwali, na taɓa tuge shi sau biyu a dare ɗaya. Sauran irin su fan da alemana da hoki sitik suna nan, amma waɗannan gara mai koyarwa ya tsaya a kanku, rubutu ba zai fitar dasu ba.

Ta Amurka da nace zan taɓa, in kaji wannan jiran na ɗayar da ba a takawa ya gagare ka kuma biki ya matso, ita tafi saurin kamawa. A kan ɗaya ake farawa, kiɗanta ya ɗan fi sauri, wajen bugu 120 zuwa sama kaɗan, kuma akwati ake zanawa a ƙasa. Namiji hagu gaba a hankali bugu biyu, dama gefe da sauri, hagu ta haɗe da sauri, sannan dama baya a hankali, hagu gefe, dama ta haɗe. Wasu makarantun da gefe suke farawa, duk akwati ɗaya ne. Bambancin kuma ita a kan gwiwa lanƙwasasshiya ake sauka sannan a miƙe ta. Ni dai ra'ayina ka zaɓi ɗaya ka riƙe wata shida, masu haɗa biyun lokaci guda na gansu a aji, ƙafarsu ta rasa yaren da zata ji.

Kayan sawa ba sai ka kashe kuɗi ba. Takalmin rawa na gaske ƙasansa fata ce mai laushi mai ɗan gashi-gashi, na maza da ɗan tudun diddige na mata mai tsini, amma wannan sai ka tabbatar zaka ɗore. A gida safa ta isa in tayil ɗin ba mai santsi sosai bane, ko takalmi sau-ciki mai ƙasan fata irin na zuwa Juma'a. Kambas mai roba kar ka soma, yana kama ƙasa, ka juya jiki ya tafi ƙafa ta tsaya gwiwa ce zata biya. Silifas kuma sai dai kayi ta bin sa. Jallabiya da babbar riga a ajiye su gefe lokacin koyo don dole kaga gwiwarka a madubi, wando da singileti kawai. Mata zani mai ɗaurin tsam yana hana taku, siket mai faɗi ko dogon wando yafi. In kan kafet ne ku naɗe shi. Kuma ku ajiye ruwa da tawul kusa, kar ka ganta a hankali ka raina ta, minti ashirin a zafin Legas in babu fanka zaka jiƙe sharkaf, cinyoyi da ƙasan ciki su zasu gaya maka washegari.

In bidiyo kake bi ka rage saurinsa a YouTube zuwa 0.75, kuma ka nemi wanda malamin ya juya baya yana koyarwa, in yana fuskantarka hagunsa zata zama damarka ka rikice a banza. Ka sa waya ta ɗauke ka kai ma ko sau ɗaya a sati, abun ba daɗin kallo amma nan zaka ga kafaɗar da kake rantsuwa bata motsi.

Mu yanda muke yi, bayan isha in yara sun kwanta, minti biyar na canja nauyi, minti biyar kowa shi kaɗai, minti goma tare, sau uku ko huɗu a sati, Asabar kuma mu bi ta Ikorodu Road mu gangara Ojuelegba wajen Baba ya gyara abun da muka ɓata. Daren jiya ma muna tsakiyar Niyok nefa suka ɗauke, sifika ta mutu waya ba caji, Maman Ummi tace mu cigaba da baki, muna ta biyu uku huɗuuu-ɗaya a cikin duhu, can sai muka ji Hajiyar da ke ɗakin kusa ta ƙwanƙwasa bango tace "Maman Ummi lafiya kuwa, tun ɗazu nake jin kuna lissafi baku wuce huɗu ba, kuɗin ne basu cika ba?"